Bulo Uku Masu Ƙara

Masu gyaran famfo sun riga sun ɗaga rabin titin lokacin da 'yar Magini ta leƙo shagon Mai Agogo.

"Kawu, Baba na kiranka. Wai ka bar duk abin da kake yi."

Mai Agogo ya cire ɗan gilashin da ke idonsa ya bi ta. Bututu ne ya fashe a ƙarƙashin layin, ma'aikata suna zare jan bulon ɗaya bayan ɗaya suna jerawa a jikin katanga. Magini ne ya shimfiɗa shi da hannunsa shekara goma sha biyu da suka wuce, tun daga nan ba wanda ya ƙara barin takalmi a taɓo. Aibu ɗaya aikin yake da shi: bulo uku ne da in an taka sai su ce ƙwal. Ɗaya a ƙofar gidan Magini, ɗaya a bakin famfo, ɗaya a kwanar mai kanti. Shekara goma sha biyu Mai Agogo yana tsokanarsa da su.

Ya sami Magini kwance, ya rame har zobensa yana yawo a yatsa. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, tana zaune tana masa fifita.

"Ɗan ba mu wuri," in ji Magini. Ta tashi ta fita, hannunta yana shafar bango.

"Sun cire mini haƙorana masu girgiɗi?" ya tambaya, yana nufin bulon nan uku.

"Sun cire. Yau za ka huta da bakina."

"Kai dai agogo ka sani. Ni da na yi shekara hamsin ina gini, bulo uku za su gagare ni?" Ya yi tari, ya jira numfashi ya dawo. "Idon Inna ne. Tun kafin titin yake tafiya. Yanzu haske kawai take gani da inuwa. Da ƙarar nan take sanin ta iso famfo, ta iso kanti, ta iso gida."

 Sau nawa Mai Agogo ya ga Inna ta wuce shagonsa, kanta a miƙe, ta juya daidai kwanar kamar an ja ta da zare.

"Yaran ba su sani ba?"

"Suna nesa, sai su zo kwana biyu su koma. In suka sani, ɗauke ta za su yi su ajiye a saman bene kamar tukunyar fure. Ba za ta shekara ba." Ya kama hannunsa. "In ana son bulo ya yi ƙara, yashin tsakiya ake kwashewa a ƙarƙashinsa, a bar na gefe. Da kwalta ce, da sai dai haƙuri. Bulo kuwa, abin da aka cire ana mai da shi."

Bayan kwana biyu, da hantsi, Magini ya cika. Da aka fito da shi, masu famfo suka ajiye shebur suka shimfiɗa katako a kan ramin don a wuce.

Ranar da suka zo mai da bulon, Mai Agogo ya tsaya a kansu.

"Ɗana, akwai guda uku da nake so a bar su suna motsi."

Shugabansu ya dube shi ya yi dariya. "Baba, kowa roƙonmu yake mu gyara, kai kana roƙo mu ɓata? Je ka zauna a inuwa."

Suka dandaƙe titin sumul, suka tafi. Mai Agogo ya taka daga wannan kai zuwa wancan. Ko tari titin bai yi ba.

Ya ɗauko sukundireba da cokali. Ya durƙusa a ƙofar Magini, gwiwoyinsa suna ƙara fiye da bulon, ya zare ɗaya, ya kwashe yashi cokali biyu, ya mayar, ya taka. Shiru. Ya ƙara cokali ɗaya. Ƙit. Bai yi ba. Mai kanti ya leƙo ya ce, "Yau kuma titi ne ya tsaya?" Bai kula shi ba. Haka ya yi ta saurare da kai a karkace, kamar yadda yake wa agogo, har ukun suka amsa.

Washegari 'yar Magini ta fito da akwati ta ajiye a ƙofa. Daga shagonsa Mai Agogo yana jin su, ita da Inna.

"Inna, ki taho mu tafi. Wa zai kula da ke a nan?"

"Wa yake kula da ni da? Ubanki ko shayi bai iya haɗawa ba. Matsa, sabulu zan sayo."

"Bari in raka ki."

"Ƙafata ce ta mutu?"

Inna ta sako ƙafa waje. Rabonta da titin tun kafin a haƙa shi. Mai Agogo ya ajiye abin da ke hannunsa. Ƙwal. Ta miƙe kai, ta bi layin ba sauri. A bakin famfo, ƙwal. Ta kauce wa bokitin wata mata, suka gaisa. Ta yi nisa, ta ɗan rage tafiya, ƙafarta tana neman wani abu. Ƙwal. Ta juya ta shiga kanti.

'Yar ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauki akwatinta ta tafi ita kaɗai.

A hanyar dawowa Inna ta tsaya a bakin shagon, sabulu a hannu, fuskarta tana kallon gefensa kaɗan.

"Maƙwabci, na kwanar nan muryarsa ta yi siriri. Na marigayi ya fi kauri."

"Gobe zan ƙara cokali ɗaya."

"Rabi dai," ta ce, ta wuce.

Ya zauna da agogon wani a tafin hannu bai buɗe ba, har ya ji bulon ƙofar Magini ya amsa.