Sai Yaya Ya Kunna

Baffa ya kira ni da sassafe, ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba.

"Injiniya, zo ki duba min wannan ja'irar kwamfutar. Sai in kunna ta, in share shago, in goge gilashi, in sha shayina har ya sauka, in dawo in tarar da ita tana ta juya min ɗan zoben nan. Mutane na tsaye suna jiran hotunansu, ita ko a jikinta."

Injiniya shi ne sunan da ya laƙaba min tun da na fara aikin kula da kwamfutoci a wani kamfanin magunguna. A danginmu fassarar wannan aiki ita ce duk abin da ke da waya a jikinsa ni ce likitarsa, daga fanka har dutsen guga. Na so in ce masa ina da aiki, amma muryarsa ba ta yi min daɗi ba, sai na ce ga ni nan tafe.

Baffa ƙanin Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shagon ɗaukar hoto suke da shi tare tun kafin a haife ni, allon da ke saman ƙofa ma ya faɗa: Hoton 'Yan'uwa. Sai dai a lokacin da nake ba ku labari, 'yan'uwan sun daɗe ba sa ga maciji da juna. Kuma wallahi in na gaya muku dalili sai kun yi dariya, ko da yake mu a gida ba mu ga abin dariya ba.

Labule ne. Akwai wani tsohon labule da ake tsayar da mutane a gabansa, mai zanen ruwa yana gangarowa daga dutse, da wata bishiya da Allah bai taɓa halittar irinta ba. Duk hoton da ke gidanmu a gaban ruwan nan aka ɗauke shi. Rannan Baffa ya sayo sabo fari fat, ya rataya, ya ce zamani ya wuce na da. Bai shawarci Baba ba. Wannan ma da sauƙi. Baba ya zagaya bayan shago, sai ya tarar an lulluɓe janareta da tsohon. Ya dawo ciki, ya zare wayoyin kwamfutarsa, ya rungume ta, a bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ka goge 'yan'uwan ma daga allon, tunda zamani ya wuce su."

Tun daga ranar ba wanda ya taka wajen wani. Umma ta yi magana har bakinta ya gaji. Taurin kai a gidanmu abin gado ne, ni ma na samu rabona, shi ya sa na san ba a tanƙwara shi da wa'azi.

Ina isa shagon na ja na tsaya. Ga wani mai fenti ya jingina tsani da bango, yana dama farin fenti a gwangwani.

"Malam, me za a shafa?"

"Kalma ɗaya ce kawai, Hajiya. Waccan ta ƙarshe aka ce in rufe."

Na ɗaga kai na kalli kalmar. Na san mutanen nan biyu. In har fentin nan ya hau kan allon, Baba zai ji labari kafin ya bushe, kuma shi ke nan an gama, sai dai su haɗu a jana'izar wani. Na ce wa mai fentin don Allah ya ɗan dakata, warin fenti na tayar min da mura, in na gama sai ya yi. Ya ce ba komai, ya nemi inuwa ya zauna.

A ciki na tarar Baffa ya riga ya yi wa marar lafiyar magani iri-iri. Ya ɗora ta kan bulo biyu, wai sanyin ƙasa ke kama ta. Ya saya mata ƙaramar fanka tata ta kanta. Ya goge hotunan mutane masu yawa don ya rage mata nauyi, wai musamman na masu ƙiba. Wani ma ya zo ya zuba masa maganin bairos, wato cutar kwamfuta, har kala uku, suna ta faɗa da juna a ciki.

"Baffa, saura ka shafa mata man zafi."

"Da na san inda ƙafarta take da na shafa. Ke dai duba."

Na kashe ta na sake kunnawa. Ta tashi lafiya lau har zuwa inda ake shigar da kalmar sirri, daga nan sai zobe ya fara juyawa. Na sunkuya na kalli 'yar fitilar da ke ƙiftawa in kwamfuta na aiki a cikinta. Shiru, sai can ba a rasa ba ta ƙifta sau ɗaya. Na kara kunne, ko gurnani babu.

"Wannan ba aiki ne ya yi mata yawa ba, Baffa. Ba ta komai. Jira take."

"Jiran wa? Ga ni ai."

Na zagaya bayanta na zare kebul ɗin netwok, wato igiyar da ke haɗa ta da firinta da intanet, na sake kunnawa. Kafin Baffa ya gyara zaman tabarau ta buɗe tsaf, ga hotunansa reras a kan fuskarta.

Ya tafa hannu. "Allah ya yi miki albarka! Ashe igiyar ce munafukar. Miƙo ta in jefar."

"In ka jefar da ita, da me za ka wanke hoto? Da me za ka tura wa mutane? Igiyar ba ta da laifi, hanya ce kawai. Wani abu kwamfutar ke nema a kan hanyar, in ta ga hanya a buɗe sai ta tsaya tana kira, in ta ga babu hanya sai ta haƙura."

Na mayar da kebul, muka sake kunnawa, muka zauna zaman jiran zobe. Baffa ya yi tsaki ya fi a ƙirga. Da ta gaji don kanta ta buɗe, na shiga inda ake ganin ma'ajiyoyin da ke haɗe da ita. Ga shi nan kuwa, wani ɗan akwati da jan gicciye a kansa, an rubuta masa suna da manyan baƙaƙe: YAYA.

Dariya da kuka suka taso min tare, ban san wanda zan fara ba.

Abin da ya faru shi ne, mutumin da ya haɗa musu kwamfutocin tun farko ya ɗaure su da juna. Ta Baffa ke karɓar hotuna daga kyamara, ta Baba ke ajiye waɗanda aka gyara, kowacce tana leƙa ma'ajiyar 'yar'uwarta, kuma ya saita su kada ɗaya ta buɗe sai ta nemi ɗayar. Na yi wa Baffa bayani a hankali. Ya ɓata rai.

"To in haka ne, me ya sa duk shekarun nan ba ta taɓa yi min wannan iskancin ba?"

Ni ma tambayar ta tsaya min, sai can na tuna. A shagon nan akwai wata doka da ba wanda ya kafa ta. Baffa bai taɓa danna madannin kwamfutarsa kafin Baba ba. Ko ya riga shi zuwa, ko layi ya kai bakin titi, sai ya ce wa mutane su yi haƙuri, sai Yaya ya kunna. Baba zai shigo, ya cire hula ya rataya, ya danna, Baffa ya danna a bayansa kamar mai bin liman. Tare suke tashi, kowacce ta kira ta ji an amsa, shi ya sa ba wanda ya taɓa sanin akwai kiran ma.

"Ladabinka ne ya rufe matsalar, Baffa. Yanzu kullum da safe sai ta kira yayarta, ta jira, ta sake kira. Ba mai amsawa."

"Ƙarfe ne fa. Ƙarfe ya san wani yaya?"

Na shafa kan kwamfutar, na yi kamar da ita nake. "Sannu, baiwar Allah. Kin fi wasu riƙon zumunci."

Ya watso min harara. "Ke, ni sa'anki ne? Faɗi maganin kawai."

"Biyu ne. Ko a dawo da waccan kusa da ita, ko a yanke haɗin, ta manta da ita gaba ɗaya. In an yanke, gobe kafin ka ajiye tsintsiya ta buɗe."

"A yanke."

Na buɗe masa wurin, ga tambaya ta fito ko a cire haɗin YAYA. Na kai kibiya daidai kan amsar, sannan na tura masa linzamin kwamfutar, wato ɗan abin da ake latsawa. Na ce ni dai ba da hannuna ba, kada gobe a ce 'yar wane ce ta raba. Ya ɗora hannu. Na ga yatsan ya ɗaga, ya tsaya a sama. A waje mai fenti yana ta ƙwanƙwasa buroshi a bakin gwangwani.

Bai kalle ni ba ya ce, "Tasa fa? Lafiyarta ƙalau ko?"

Gaskiya ban sani ba. Baba bai taɓa barin in taɓa ta ba tun da ya kai ta gida, ya dai sa na soka masa ita a netwok ɗin gidan. Na fito da waya na kira Umma, na buɗe murya don Baffa ya ji.

"Umma, kwamfutar Baba na saurin tashi kuwa?"

"Wane sauri? Ga shi can tun safe ya tasa ta gaba yana kallon wani abu na juyawa. Kullum haka. Na ce ya kira ki, ya ce ya san abin da ke damunta, ba na gyara ba ne. In ta buɗe ma ba ya aikin komai, sai ya zura wa wani ɗan akwati mai jan alama ido, har shayinsa ya huce. Ni dai na gaji da mutanen nan biyu, wallahi sun fi yara."

Na kashe wayar da sauri kafin ta ƙara wani abu. Baffa ya janye hannunsa daga linzamin a hankali.

"Kashe ta."

"A yanke ko kada a yanke?"

"Na ce kashe ta, sarkin surutu."

Ya shige ɗakin baya, ya fito da wani abu a ninke, an goge shi da dutsen guga har yana ƙamshin sabulu. Tsohon labulen ne. Ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya zare wayoyin kwamfutarsa, ya naɗe ta a ciki kamar jaririya. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce saboda gargadar hanya ne, kada in kawo wata fassara. Na ce ni ban ce komai ba.

A bakin ƙofa mai fenti ya miƙe. "Alhaji, in hau?"

"Jira. Yau kowa jira yake."

Mun tarar da Baba a falo, a gaban teburinsa. Baffa ya yi sallama, ya durƙusa da kayansa a hannu ya gaishe shi, Baba ya amsa yana kallon bango. Umma ta leƙo, ta gan su, ta koma ciki da sauri tana salati. Baffa ya ajiye ƙunshin a kan tebur ya warware. Sai ga ruwan nan na gangarowa daga dutse, amma a tsakiyarsa akwai wani baƙin tabo na man janareta, faɗinsa ya kai faranti.

Baba ya daɗe yana kallon tabon.

"Na wanke, Yaya. Na sake wankewa. Ya ƙi fita."

Baba ya sa yatsa ya auna tsayin tabon daga ƙasa, irin awon da yake yi in zai tsayar da mutum. "Daidai bayan mutum yake," ya ce. "In an tsaya a gabansa ba ya fitowa a hoto."

Ni dai na duƙa ƙarƙashin tebur ina haɗa wayoyi, don kada su ga fuskata. Na kashe ta Baba, na soka ta Baffa a netwok ɗaya da ita, na aro fuskar tsohuwar kwamfutata daga ɗaki na jona mata, na fito na ce an gama.

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa da tasa a gabansa. Baffa ya kai yatsa kan madanni ya tsaya. Sai Baba ya juyo ya kalle shi, karo na farko tun shigowarmu.

"To me kake jira kuma?"

"Sai ka kunna, Yaya."

Baba ya danna, Baffa ya danna a bayansa. Zoben ya fito a fuska biyu, ya juya kaɗan, sai duka suka buɗe kusan tare. Jan gicciyen ya ɓace daga nan, ya ɓace daga can.

Baba ya cire tabarau yana goge ido da bakin riga, ya ce hasken wannan abin ya cika ƙarfi, in rage masa. Ban taɓa komai ba na ce na rage. Ya ce yauwa, yanzu ya yi daidai. Sannan ya juya wajen ƙaninsa.

"An goge allon?"

"Mai fenti na can yana jira."

"Kira shi. Ka ce ya bi haruffan nan yadda suke ya ƙara musu kauri, sun koɗe."