Hausar Gidan Mma Wadia

Mushe Iliasu, kamar yadda ake kiran malamin boko a can, ya shekara tara yana koyarwa a wata lakwal, wato makaranta, a Damagaram kafin ya samu gurbin zuwa Accra koyon Ingilishi na wata takwas. Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Hausa kuwa yakan ce gadonsa ce, ba a kasuwa ya tsince ta ba. Wani direban babbar mota ɗan unguwarsu ne ya samo masa wurin kwana a Maamobi, a gidan hayar wata dattijuwa mai koko da ƙosai, Mma Wadia. Ɗakuna goma sha ɗaya, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya.

Ɗakin ma ba nasa shi kaɗai ba ne. Ya tarar da Ziblim, mutumin Tamale mai karatun aikin jinya, wanda ya ja katifarsa ya bar masa gefen taga. Iliasu bai gode ba, don tagar kwata take kallo.

Tun makon farko ya gama yanke wa gidan hukunci. Dokunu a wurinsa tuwo ne da ya lalace aka naɗe shi a ɓawon masara don a rufa masa asiri. Kowace miya sai an tsoma mata kifi. Da safe ga shi, mutumin da ɗalibai ke miƙe wa tsaye, riƙe da bokiti a layin wanka bayan wani mai gyaran babur. Duk wannan yana iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Hausar gidan.

"Amama ya tafi Circle, zai dawo yanzu," in ji Mma Wadia, alhali Amama 'yarta ce, uwar 'ya'ya uku. Kalma biyu Hausa, ɗaya Twi, ɗaya Turanci. Iliasu sai ya shige ɗaki ya danna waya, yana kwaikwayon muryar tsohuwar yana aika wa abokansa na gida, su yi ta dariya.

Ziblim ya ce masa, "Mushe, bangon nan katako ne, ka sani."

"To su ji mana. Ƙila su ƙaru."

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, tsakar gida cike da mutane, Mma Wadia ta hango shi.

"Malam, Amama ya ajiye maka abinci."

Iliasu ya tsaya, ya gyara zaman hularsa kamar yana gaban allo.

"Mma, 'ta ajiye' ake cewa. Amama mace ce. Ko ku a nan ba ku raba mace da namiji? A garinmu ko ɗan yaye ba ya wannan kwaɓa."

Mma Wadia ta dube shi tun daga hula har takalmi, ba gaggawa.

"Malam, me ya kawo ka ƙasar nan?"

"Ingilishi."

"To, shi za ka samu."

Daga ranar, ban da Ziblim, ba wanda ya ƙara yi masa Hausa a gidan. In ya yi sallama a amsa, don wannan ta Allah ce. Bayan ita sai Turanci, mai sauri, irin na titi. Shi kuwa Ingilishinsa a lokacin bai wuce gaisuwa da ƙirga kwanakin mako ba. Ya taɓe baki ya ce a ransa, jahilai sun yi fushi, sai me?

Bayan kwana goma, Zuberu tela, wanda ke kula da lamuran gidan, ya tsaya a ƙofar ɗakinsu da safe ya zuba masa wani dogon bayani yana nuna famfo. Ziblim ya tafi asibitin da aka tura shi sanin makamar aiki, sai ƙarshen mako zai dawo. Iliasu bai gane ko kalma uku ba, amma ya za a yi mushe guda ya ce wa tela bai gane ba? Ya gyaɗa kai, ya ce yes, yes, ya ɗauki jakarsa ya tafi makaranta.

Ashe cewa aka yi za a ɗauke ruwa kwana huɗu, kowa ya tara. Da ya dawo ya ga jarkoki a jere ƙofar kowane ɗaki, nasu kaɗai wayam. Kwana ɗaya ya daure da ruwan leda. Rana ta biyu ya ɗauki jarka ya bi mutane har wajen Kawukudi, ya dawo da ita a kafaɗa, ruwa na tsiyaya a kan gogaggiyar shaddarsa. Matan gida na zaune suna gyaran albasa. Babu wadda ta yi dariya, da ma sun yi da ya fi masa sauƙi. Amama ce ta ɗago ta yi masa sannu da Turanci, tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai magana da jariri.

Da Ziblim ya dawo, Iliasu ya tare shi.

"Kai aƙalla ka riƙa fassara mini abin da suke cewa."

"Mushe, ni Hausa ba yarena ba ne. A tsakar gidan nan na koye shi, a bakin Mma. Tunda ka ce ruɓaɓɓe ne, ba ni da wani." Ya juya ya ci gaba da ninke kayansa, kuma daga nan shi ma ya koma Turanci.

Iliasu bai ba kowa haƙuri ba. A ganinsa gaskiya ya faɗa, kuma mai gaskiya ba ya durƙusa wa mai ƙosai. Sai dai dole ta sa ya buɗe kunne. Ya koyi yadda ake cewa layinka ne, wuta ta tafi, kwashe shanyarka hadari ya taso. Kafin wata biyar ya fi kowa a ajinsu sakin baki. Da malamarsu ta tambaye shi sirrin, ya ce rediyo yake saurare.

Ranar da zai koma gida ya ja akwatinsa zuwa ƙofa. Mma Wadia na kan kujerarta tana juya ƙosai a mai. Ya tsaya a gabanta, yana jiran ta ce wani abu, ko da Allah ya kiyaye hanya ne. Ba ta ɗago ba. Can ta ce masa da Turanci ya matsa gefe, ya tare wa masu saye hanya.

Ya gane kowace kalma. Ya matsa. Wajen tsallake kwata ƙafar akwatin ta karye, sai a ka ya ɗauke shi har bakin titi inda ake shiga motar haya, trotro.