Ranar Da Na Je Wa Najiba Da Ruƙiyya

Hajiya Hannatu ce ta kawo mini maganar, a bakin shagon 'yan Gana da muke sayen doya a Silver Spring, a nan Amurka. Ta ja ni gefe ta ce, "Maman Najiba, ba gulma ba, amma 'yarki bori take yi."

Na ce, "A'uzubillahi! Najiba manaja ce. 'Yan rawa take nemo wa wurin wasa, ta shirya musu tafiya."

"Wannan na safe ne. Na yamma fa? A waya na gani. Ga ganguna, ga turare, ga mata kwance, ita tana yawo da hannu a kansu. A Kano kika tashi, ke ki faɗa mini sunansa."

Yarinyar nan haɗa magunguna ta karanta, ta ajiye, wai ranta ba ya so. Na haƙura da rawa. Amma bori? Wannan lahirarta ce za ta salwanta.

Ran Asabar na ɗauki gorar zamzam da carbina, na hau tasi zuwa Annandale, inda Najiba take hayar ɗakin aikin nata a saman wani shagon gyaran farce. Ban ƙwanƙwasa ba.

Yadda Hajiya ta faɗa, haka na tarar. Ganguna jingine a bango, hayaƙin turare, mata kwance a tabarmin roba, ido rufe. Najiba da farin kaya tana kaɗa hannu a saman cikin wata, kamar mai korar ƙuda daga nama.

Na tsaya a tsakiya na ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu, na bi da Falaƙi da Nasi, ina yayyafa zamzam. Na sha ganin ruƙiyya a gida. In da aljani a wuri, sai wata ta yi kururuwa, ko ta sanƙare, ko murya ta koma ta namiji. Na gyara tsayuwa ina jira.

Shiru. Ta bakin taga ma minshari take.

Najiba ta janye ni lungu. "Mama, don Allah! Aiki nake yi."

"Wa kike kira in kin rufe ido?"

"Ba kowa. Numfashina nake saurara."

"Yanka fa? Baƙar kaza, jan zakara?"

"Mama, rabinsu ko ƙwai ba sa ci."

"To me kike musu?"

Ta juye Turanci, sannan ta lallaɓo Hausa. Wai enaji ne, wani ƙarfi ne a jikin mutum da yake toshewa, ita take buɗe shi. Wai yawancinsu ma'aikatan gwamnati ne, damuwa ta cinye su.

"Da hannun da bai taɓa su ba?"

"Ba sai an taɓa ba."

"Madalla. Yau zan tuƙa miki tuwo ba sai na taɓa muciya ba."

Sai ga abokiyar aikinta, wata Baturiya Abby, da hawaye shaɓe-shaɓe, tana yi mini Turanci. Najiba ta fassara mini, tana kallon ƙasa. Wai karatuna ya buɗe mata wani abu a ƙirji, ko zan riƙa zuwa duk Asabar, a sa hotona a talla?

Na ce, "Gaya mata Alƙur'ani ba kiɗa ba ne."

Na dubi ɗakin da kyau. Wallahi ko aljani ba zai ɓata lokacinsa a nan ba. Shirme ne tsagwaronsa, mutum ya baro gadonsa ya zo barci a ƙasa. Amma raina bai gama kwanciya ba.

"La'asar ta yi," na ce. "Wuce ki yi alwala."

Na tsaya a ƙofar banɗakin ina kallo. Ta wanke hannu har gwiwa, ta shafi kai, ba ta tsallake ko kunne ba. Ta fito ta jawo hijabi daga jakarta, ta nuna mini alƙibla ba tare da duba waya ba.

Muka ture ganguna gefe muka ta da salla. Mai minsharin ba ta ko motsa ba.