'Yan Kunnen Innata

Da Abdurrahim, wanda zan aura, ya gama jami'ar Azhar ya samu aikin tafinta a unguwar Ma'adi, sai ya koma sa kwat. Laktaye ne ya gagare shi. Duk ranar da muka zauna cin ful, wato dafaffen wake, a unguwar Hayyin Ashir, sai jelar laktayen ta tsunduma cikin kwano.

Na ɗauki 'yan kunnen zinaren da marigayiya Innata ta bar mini na kai wa maƙeri. Ya narkar da su, ya ƙera 'yar sarƙar nan da ake maƙalawa a maɓallin riga don ta riƙe laktaye.

Da na miƙa masa, sai ya ɓata rai. "Haba Dije! Zinare haramun ne ga namiji. Ma'alish, ba komai, zan dai ajiye."

Kunya ta rufe ni, har haƙuri na ba shi.

A watannin dokar hana fita ya rage zuwa, daga baya ya daina ɗaukar wayata.

Jiya ƙawata ta nuna mini hoton bikinsa da wata Safa. Ko kallon amaryar ban yi ba. 'Yan kunnen Innata ne ke sheƙi a ƙirjinsa.

Malam Abdurrahim, yaushe zinaren ya halatta?