Kakan da Ya Zo da Gida

Da Auta ya sayi tsohon gidan nan na ƙauye, Yaya taɓe baki kawai ta yi. Ƙaninta ne, likitan haƙori, mutumin da ko fure a tukunya bai taɓa rayawa ba, wai yau shi ne mai gona da lambu da bargar dawaki. Dokin ma babu, sai warinsa.

Gidan ya girmi kowa a danginsu. Rufi na yoyo, tagogi sun kumbura sun ƙi rufuwa, matakalar katako kuwa ko kyanwa ta hau sai ta yi ƙara. Dillali ya ce masa duk wannan tarihi ne, gogan naka ya haɗiye. Har da tarkacen ciki aka haɗa masa: kujeru masu ƙafar zaki, mataccen agogon bango, da ƙaton zanen wani mai gashin baki, ya dafa sanda yana hararar duk mai hawa bene. Magadansa ma ba su ga amfanin ɗaukarsa ba.

Abu ɗaya ya kawo Yaya bikin buɗe gidan. Inna za ta koma nan da zama, kuma Auta ya yi mata alkawarin rataye hoton Baba a falo. Shi kaɗai ne hoton marigayin a duniya, yana tsaye a ƙofar shagonsa na gyaran takalma, hannuwansa baƙi ƙirin da man gogewa. A cinya Yaya ta riƙo shi tun daga birni, naɗe cikin tawul.

"Auta, ina ƙusar?"

"Haba Yaya, bari baƙi su tafi mana. Fentin bai gama bushewa ba."

Fentin da ya girmi Baban kansa. Haushi ya turnuƙe ta, amma ta zauna.

Abokan aikin Auta da matansu suka cika falo, ana ta yaba ƙura. Auta, cikin dogon takalmin manoma da bai taɓa ganin taɓo ba, ya ja su gaban zanen ya gyara murya.

"Kakanmu ke nan. Shi ya dasa itatuwan da kuka wuce a hanya."

Yaya ta ji kamar ta tofar da yawu. Amma ta san wa ke zaune a kusa. Inna ba ta barin ƙarya ta gifta ta gabanta. Ta taɓa jan wannan likitan da kunne har makaranta, a kan fensirin da ya ce tsinta ya yi. Yaya ta gyara zama, ta fara kwance tawul.

Wata mai tabarau ta sunkuyo wajen Inna. "Mama, mahaifinki ne ko surukinki?"

Inna ta ɗaga kai ta ƙare wa mai gashin baki kallo. Sannan ta dubi autanta, gumi na tsattsafo masa a goshi, yana irin murmushin da yake yi wa mutum kafin ya cire masa haƙori.

"Surukina ne," in ji ta. "Mutumin kirki."

"Ai ga kama nan," in ji matar. "Hancin likita sak."

Aka yi dariya, aka wuce ganin barga. Inna ta kamo hannun Yaya ta mayar da bakin tawul ɗin, ta rufe hannuwan Baba.

"Ki kai wancan ɗakina, ki tura ƙarƙashin gado."

Tunda Yaya ta yi wayo, ba ta taɓa jin Inna ta kira Baba da komai ba sai "Babanku". Yau ya zama "wancan".