Tsohuwar da Ƙwan Salwa Ya Warkar

Ranar da mai walda ya farke cikin firjin, Ndiritu ya tsaya a kansa hannu a ƙugu, kamar mai jiran a haifa masa ɗa. An zare injin sanyi an yar a gindin ayaba, an ɗaura ƙwan lantarki biyu da 'yar fanka, an jera farantan waya. Salwar keji ba ta kwanci. Ta saki ƙwai ta yi gaba abinta, sai ka nema masa ɗumi da kanka. Injin ƙyanƙyasa na kanti kuwa ya gagari talaka, domin a shekarar nan duk garin Nyeri babu wanda bai zauce a kan 'yar tsuntsuwar ba.

Matarsa Nyaguthii ta fito riƙe da kwalabe biyu na allurar sugan surukarta, sanyinsu bai gama barin tafin hannunta ba.

"Baban Gathoni, waɗannan fa, a ina zan ajiye?"

"A masai."

"Allurar Maitu ce fa."

"Na ji. Ke da kika tsaya a aji bakwai za ki koya mini? Ƙwai ɗari biyu da arba'in jimilla, ɗanye, kaɗan-kaɗan kullum da safe kafin a karya. Suga, hawan jini, asma, har ciwon nan da ba a kama sunansa. Ga shi a rubuce!"

Ya kaɗa mata takardar da ya samo a wani taron bita a otal. Babu sunan likita ko ɗaya a jikinta, amma akwai hoton Bature da farar riga, kuma wannan ya ishi Ndiritu. Ya fizge kwalaben, ya nufi masai da kansa.

Maitu Wangechi, uwar da ta haife shi, tana zaune a baranda tana ɓare wake. Firjin nata ne. 'Yarta ta Mombasa ce ta sayo mata saboda allurar. Ba ta ɗaga kai ba.

* * *

Kwana huɗu tsohuwar ta yi tana haɗiye ɗanyen ƙwai. A na biyar ta koma shan ruwa kamar saniya, leɓenta ya bushe, in ta tashi sai ta dafa bango. Nyaguthii ta kama kajinta na gida guda biyu, irin waɗanda mijinta yanzu ke kira kajin jahilai, ta kai kasuwa, ta dawo da kwalba ɗaya a ƙulle a bakin zane. Matar kemis ce ta koya mata dabarar da mutanen ƙauye ke yi: tukunyar ƙasa, a cika ta da yashi, a riƙa jiƙa shi, a binne kwalbar a ciki. Ta ɓoye tukunyar a bayan madafa, cikin ganyen gwaza.

Lokacin allura ma Ndiritu ne ya ba su shi, bai sani ba. Firjinsa ba ya juya ƙwai da kansa, sai shi ya durƙusa safe da yamma yana juya su ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu magana da tattausar muryar da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Kafin ya gama, an gama.

"Ki yi mini a cinya, inda ba zai gani ba," in ji Maitu. "Kuma kada ki kunyata mini yaro. Ya sayar da saniya a kan abin nan."

Yaron shekararsa arba'in da shida, har da sanƙo.

Cikin mako biyu tsohuwar ta murmure. Ndiritu ya kalle ta, ya kalli tsuntsayensa, ya ga hannun Allah ƙarara. Bai taɓa tambayar inda kajin gida ke zuwa biyu-biyu ba. Akwai mazan da tambaya ce kawai abin da suke tsoro a duniya.

* * *

Daga nan Asabar ta zama ranar baje koli. A sa wa Maitu rigar coci, a zaunar da ita a baranda, a ɗora mata kofin shayi a cinya. Jama'a su cika tsakar gida, masu takalmi da masu silifa, suna leƙen tsohuwa kamar an kawo ta daga wata ƙasa.

"Maitu, gaya musu! Yaushe rabonki da asibiti?"

"An jima," ta ce, idonta a kan shayinta.

"Kun ji! Sa mata sukari, Maman Gathoni, cokali biyu! Likitoci su ci kansu!"

Aka yi dariya, aka yi tafi, aka yi layi.

A wata Asabar ɗin ne Malam Gichohi ya zo da matarsa Wanjugu. Shi ne tsohon shugaban firamaren garin. Shekara talatin yana koya wa yara su tafasa ruwa kafin su sha, shi ya koya wa Nyaguthii kanta karatu, ga shi yau ya tsaya da sandarsa yana sauraron mutumin da ya taɓa kora daga aji saboda satar amsa. Shekara goma sha tara yana huda cikinsa da allurar suga, ya gaji.

Wanjugu ta nemi ruwan sha, ta bi Nyaguthii har bayan madafa. Ta tsaya, takalminta na taɓa ganyen gwaza.

"Maman Gathoni, tsakaninki da Allah. Da gaske Maitu ba ta yin allura?"

Nyaguthii ta miƙa mata kofin ruwan. Wanjugu 'yar ƙungiyar mawaƙan coci ce. Abin da ta ji yau, gobe ya gama unguwa. Ndiritu zai fasa tukunyar, Maitu ta koma dafa bango, mutanen da suka sayi ƙwai su dawo da duwatsu. Haka ta lissafa wa kanta, kuma duk gaskiya ne. Abin da ba ta lissafa ba shi ne kujerar gaba da aka fara ba ta a taron mata, da yadda yanzu ake gaishe ta tun daga nesa.

"Ai ga ta can, Mama. Kin gan ta da idonki."

Ba ƙarya ta yi ba. Ta sha gaya wa kanta haka daga baya.

* * *

Mako biyar Malam Gichohi ya yi yana shan ƙwai babu allura. Ya faɗi a gonar shayinsa da hantsi, aka kai shi asibiti bai san inda yake ba, bai kuma farfaɗo ba.

"Tsallake kwana ya yi," in ji Ndiritu, yana wanke mazubin ruwan tsuntsaye. "Ko kuma ya dafa. Na ce ɗanye! 'Yan boko ba sa bin ƙa'ida."

Lokacin kasuwar ta riga ta ruɓe. Ashe duk masu sayen ƙwan nan ba sha suke yi ba, ƙyanƙyashewa suke yi su ma su sayar. Da kowa ya zama mai sayarwa, sai aka waiga aka ga babu mai saye. Ƙwan da aka yi rububinsa a shilin saba'in ya koma biyar, biyar ɗin ma sai da roƙo. Saboda haka a wurin jana'iza Ndiritu ya yi abin da ba a taɓa ganin ya yi ba: kyauta. Bokiti biyu na dafaffen ƙwan salwa, aka sanar da sunansa a lasifika. Masu makoki suka zauna a ƙarƙashin rumfa suna ɓarewa, suna dangwala gishiri, suna cewa marigayi mutumin kirki ne.

* * *

Bayan mako guda Wanjugu ta shigo gidan da la'asar, cikin baƙaƙen kaya, riƙe da fulas ɗin shayi. Ndiritu na can yana auna firjin da igiya, zai mai da shi kejin zomaye. Ya ji an ce yanzu fitsarin zomo ne ke kawo kuɗi. Wanjugu ta gaida Maitu, tsohuwar ta amsa tana kallon ayaba.

Ta ja Nyaguthii gefe, ta buɗe fulas ɗin. Ƙanƙara ce a ciki, da kwalabe uku.

"Na Malam ne. Suna firjinmu tun ranar da ya daina, ba a taɓa su ba. Na san gidan nan kun wuce wannan, amma ke kina shiga mutane. Ki ba wani wanda bai yi dace irin na Maitu ba."

"Mama..."

"Shi fa bai so ba, kin san shi da gardama. Ni na matsa masa. Na ce, Malam, na tambayi Maman Gathoni da bakina, yarinyar da ka koyar, ba za ta ruɗe mu ba." Ta share hanci da bakin gyale. "Ƙila mu ne muka yi kuskure a lissafin ƙwan."

Nyaguthii ta buɗe baki. Daga baranda Maitu ta yi tari, ƙaramin tari guda ɗaya.

"Na gode, Mama," in ji Nyaguthii.

Da matar ta tafi, ta zaga bayan madafa, ta durƙusa, ta ɗaga ganyen gwaza. Kwalabe uku, ba su lalace ba. Kajinta shida ke nan sun tsira. Tunanin ya zo mata kafin ta tare shi. A jikin kowace kwalba akwai 'yar takarda, an rubuta Gichohi da jan biro, da kyakkyawan rubutun nan da ya saba yi mata a ƙasan shafi. Ta sa farce ta kankare sunan, harafi bayan harafi, sannan ta tona yashi ta binne su, ta yayyafa ruwa.