Geron Iri a Turmi

Buhun masara biyu. Gishiri. Galan ɗin manja. Atamfa ta kakata. Jita. Kyamarar gidan talabijin da batiranta, sai Sama'ilu mai ɗaukar hoto, wanda tun daga Kano yake rungume da ita kamar jaririya.

Mun wuce Ɗanbatta da hantsi, muka sauka daga kwalta. Bazara ce. Damina biyu ke nan a jere ruwa yana ɗaukewa kafin gero ya yi ido. A ƙasarmu babu daji tsakanin gari da gari, gona ce ke bin gona, kuma duk an share su ana jiran ruwa. Ban ga akuya ko ɗaya ba.

Sama'ilu ya ce, "Oga Muntaka, da gaske a nan aka haife ka?"

"A nan."

"To ina ka samo Hausar nan taka ta 'yan goro?"

"Badun. Riƙe kyamararka, akwai rami a gaba."

Ina yaro babana ya rasu, kawuna ma'aikacin jirgin ƙasa ya tafi da ni Badun. Can na yi makaranta, can na koyi jita a wurin masu kiɗan otal. Waƙar da ta fito da ni ba a Badun na samo ta ba. Waƙar daka ce ta kakata Mairo, wadda kowa a gida yake kira Gwaggo. Na ɗora mata jita da ganga, na sa mata suna "Luguden Mairo", aka yi ta juya ta a rediyo har ni kaina na gaji da ita. Daga nan gidan talabijin a Kano suka ba ni shiri, ranar Asabar da yamma. Ina waƙa, ina hira da baƙi, ina sa manyan mutane su yi abin da ba su yi niyya ba a gaban kyamara. Aikin ke nan, kuma na iya shi.

Ƙanin babana, Baba Badaru, shi ne maigida a Kukar Yaro, ƙauyenmu. Da ya fara jin ni a rediyo ya aiko a gaya mini cewa gidanmu manoma ne, ba a taɓa yin maroƙi a cikinsa ba. Na mayar da amsa cewa ni mawaƙin zamani ne, ba na wasa kowa, ba na miƙa wa kowa hannu. Daga nan ba mu sake tayar da zancen ba.

Abin da ya kawo ni mai sauƙi ne. Ruwa ya kusa, kuma yawancin gidajen yankinmu sun cinye irin shukarsu. Manajanmu ya ba ni kyamara na yini ɗaya. Ya ce in ɗauko hoton rumbuna babu komai a ciki, a nuna ranar Asabar, ko manyan 'yan kasuwar hatsi za su gani su ba da iri. Na aika saƙo ta bakin direban motar kasuwa cewa ina tafe da mutanen talabijin. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Tun kafin mu ga gidaje muka ji taɓarya. Sama'ilu ya miƙe zaune.

"Oga, ai daka ake yi. Ka ce yunwa?"

An share hanyar shiga gari. Maza sun jeru a ƙofar masallaci da rigunan salla, ninkin akwati bai bar jikinsu ba. Rigunan sun yi musu yawa. Baba Badaru ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Ya kalli Sama'ilu ya ce baƙonmu ya zo gida.

Gwaggo tana gindin tsamiya a bayan gida, inda mata ke sussuka, zaune a kan kujerar tsuguno. Ta sa hannu a goshi ta ƙare mini kallo.

"Wa nake gani? Mijin nan nawa da ya gudu ya bar ni ba cefane?"

"Ni ne, uwargida. Na zo biko."

"Da wannan wando mai faɗin ƙafa? Allah ya tsare ni. In ka faɗa rijiya da shi ai ba ka nutsewa."

Matan suka fashe da dariya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama kunnena ta ja.

"Na ji waƙata a rediyon mai shayi. Gudun me kake yi da ita? Wa ya biyo ka? Mace ta yi daka da wannan sauri ai sai ta suma."

Ina durƙushe ne na ga igiyar. A gidanmu damin geron ci da kaba ake ɗaure shi. Damin iri kuwa, zangarniyar da aka zaɓa tun a gona, da igiyar rama ake ɗaure shi, don kada a yi kuskure. Abin da ke yashe kusa da ƙafar Gwaggo igiyar rama ce, ba ɗaya ba.

Na dubi wurin sosai. An gama sussuka, an shiƙe. Tsabar gero tana cikin manyan ƙwarya uku. Ta huɗu babu komai, nata yana cikin turmi, an yayyafa masa ruwa, Inna Fadima matar Baba Badaru da wata mata suna surfa shi. Geron da aka sussuke ana iya shuka shi. Wanda aka surfe ya mutu, sai dai tukunya. Inna Fadima ta riga ta jawo ƙwarya ta gaba kusa da turmi.

A hankali na ce, "Gwaggo, wannan ai iri ne."

Da ƙarfi ta ce, "Gero ne. Ɗanmu ya kawo baƙi daga birni, duk Kano za ta gan mu a akwatin talabijin. A ce an zo Kukar Yaro ba a ɗora tukunya ba? Tashi ka ba mutane wuri."

Na san garinmu. In na ce a daina, na faɗa ke nan a gaban baƙo cewa gidan babu abinci. Baba Badaru da kansa ya sauko da damin nan, kuma zai gwammace ya rasa shuka da a ce ɗan wansa ya ƙi cin abincinsa don tausayi. Masarar da na kawo ta ci ce, ƙasarmu ba ta karɓarta a shekarar ƙarancin ruwa. Geron nan shi ne namu, gajere, mai saurin nuna, tun na kakanni.

Na miƙe na tafa hannu, da muryar da nake buɗe shiri ranar Asabar.

"Sama'ilu, kafa kyamara. Waƙar Gwaggo za mu fara ɗauka, daga bakin mai ita. Inna Fadima, dakata tukuna, kada ki zuba."

Na leƙa ƙwaryar, na leƙa kyamarar, na girgiza kai.

"Kash. Ba zai yiwu ba."

Inna Fadima ta ce, "Mene ne?"

"Gero ba ya fita a talabijin. Akwatunan mutane baƙi da fari ne. Wannan in aka nuna shi, za a ce matan Kukar Yaro yashi suke dakawa."

Sama'ilu ya ce, "A'a Oga, ai in na matso da..."

Na taka masa ƙafa. Ya dube ni, ya dubi igiyar da nake kallo. Ɗan birni ne, bai san igiya ba, amma ya san fuskata.

"Gaskiya ne," in ji shi. "Yashi sak. Sai dai abu fari."

Na ce, "Akwai masara a mota. A taimake ni a surfa ta, in ba haka ba manaja ya kore ni."

Gwaggo ta daɗe tana kallona. Ita ta yi mini wanka ina jariri, ban taɓa yi mata ƙarya ta wuce ba.

Ta ce, "To. Tunda akwatin naku makaho ne, ya za mu yi? Kada a kori mijina, dama ba wani abin kirki yake kawowa ba. Fadima, kwashe geron nan ki rufe, kada kaji su ɓata shi."

Babu kaza ko ɗaya da ta rage a garin. Inna Fadima ta rufe ƙwarya ukun da faifai, ta kai su inuwa, da sauri fiye da yadda ta jawo su.

Aka kawo masara. Mata uku suka kewaye turmi, taɓarya na sauka bi da bi, ana cilla ta sama a tafa a cafe. Gwaggo ta ba da waƙa:

"Wanda ya ce zai zo da hantsi,
Rana ta raba bai zo ba,
Tuwonsa na ba karen maƙwabta,
In ya zo ya sha ruwan tulu."

Na ɗauko jita na bi ta. Ta ɗaga mini hannu ba tare da ta daina ba, alamar in rage gudu. Na rage. Na yi waƙar nan a filin wasa a Legas, na yi ta a gaban gwamnoni. Ranar ce na fara yin ta ina bin taɓarya. Sama'ilu ya ɗauka har batir ɗaya ya ƙare.

Geron da aka riga aka surfe ba shi da magani. Aka yi kunun tsamiya da shi, aka kawo mana zaure. Babu nonon da za a yi fura, shanun sun tafi kudu. Baba Badaru ya ce shi ya ƙoshi. Na san abin da ke cikin kwanon zai shuka gefen gona guda. Na shanye shi tas, na ce ban sha kunu irinsa ba tun ina yaro, kuma ba ƙarya na yi ba. An tarbe ni a wurare da yawa, da raguna da motoci. Babu wanda ya taɓa ba ni abin da zai shuka sai mutanen nan.

Bayan la'asar Sama'ilu ya fita duba mota, sai na gaya wa Baba Badaru ainihin abin da manaja ya aiko ni yi. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Fadima tun tana yarinya take gidan nan. Ba ta taɓa leƙa rumbuna ba. Abin da na ɗebo na ba ta, shi ta sani. Haka babanka ya yi, haka kakanka. In mace da yara suka ga ƙasan rumbu, barci ya ƙare a gida. Yanzu kana cewa Kano gaba ɗaya ta leƙa?"

"Ƙwarya uku ba za su shuka gonakin gidan nan ba, Baba, balle na gari."

"Na sani. Ni na ɗaure su."

Ya tashi, na bi shi. An juye geron a buhu an ɗaure baki da igiyar ramar. Rumbun namu na ƙasa ne, dogo, da 'yar ƙofa ta langa-langa can sama. Ya jingina tsani.

"Hau ka ajiye. Gwiwata ba ta son tsani yanzu." Ya miƙo mini buhun. "Kai ma ɗan gidan ne. Ka gani da idonka, sai ka yi abin da ka ga ya dace."

Na hau, na buɗe. Zafi ya bugi fuskata, da warin tsohon hatsi. Babu komai. An share ƙasan har da tsintsiya, ana ganin sawunta. Na zura buhun da igiya har ya zauna.

"Oga!" Sama'ilu ne a gindin tsani, ya ɗago kyamara sama da hannu biyu. "Karɓi, hasken ya yi daidai. Ka leƙa da ita ciki kawai, minti ɗaya ya isa. Wannan manaja yake so."

Baba Badaru yana tsaye cikin rigar sallarsa, yana gyara hannunta da ke zamewa daga kafaɗa. Daga cikin gida ina jin Gwaggo tana faɗa da Inna Fadima a kan atamfar da na kawo, wai kalar ta 'yan mata ce.

Sama'ilu ya ce, "In ba mu kai hoton rumbu ba, me zai sa su ba da iri?"

Na jawo ƙyauren na rufe, na sa sakata.

Na ce, "Sauke kyamarar. Waƙar Gwaggo za mu nuna ranar Asabar. In ta ƙare zan tsaya in kira masu hatsin Kano da sunansu ɗaya bayan ɗaya, in wasa su da jita har su ji kunyar hana ni. Baba, ka yi haƙuri, gidan nan ya yi maroƙi. Irin nan ni zan roƙo shi da bakina."